Darasin Kama Ƙarya: Jami'o'in Amurka da Ƙiyayyar da Ake wa Yahudawa da 'Yan Asiya

A watan Agustan 1921, wakilin jaridar The Times ta Landan a birnin Istanbul, Philip Graves, ya yi wani aiki da ɗalibin aji ɗaya a jami'a zai iya yi. Littattafai biyu ya ajiye gefe da gefe, ya bi su layi-layi. Na farko shi ne wanda ake kira Protocols of the Elders of Zion, da ya fara fitowa a Rasha a 1903, aka ce wai bayanan taron sirri ne da dattawan Yahudawa suka yi kan yadda za su mallake duniya. Na biyun tsohon littafi ne da wani lauya Bafaranshe, Maurice Joly, ya wallafa a 1864 yana yi wa sarkin Faransa Napoleon na Uku shaguɓe. Joly bai ambaci Yahudawa ba ko sau ɗaya. Amma sai ga shafuka an kwaso su daga littafinsa kusan kalma da kalma, an cire bakin da ya faɗe su, an sa bakin Bayahude.

Asiri ya tonu, amma littafin bai mutu ba. Tun 1920 jaridar attajirin motoci Henry Ford take yaɗa abin da ke cikinsa a faɗin Amurka, 'yan Nazi suka yi masa maraba a Jamus, aka fassara shi zuwa Larabci da wasu harsuna, kuma har gobe ana kafa hujja da shi a muhawara, mu ma nan gida ba mu tsira ba. Wannan ya nuna cewa jarida ta buga gaskiya bai isa ba. Mai karanta jarida ji ya yi. Wanda aka ba shi littattafan biyu aka ce ya nemo inda aka yi satar da kansa, shi ne ya gani, kuma gani ya kori ji. A kan wannan ne nake goyon bayan malaman jami'o'in Amurka da suka daina dogaro da lacca kaɗai wajen yaƙi da ƙiyayyar da ake wa Yahudawa da 'yan Asiya, suka koma ba ɗalibai aikin da za su yi da hannunsu. Goyon bayan nawa na da iyaka, kuma zan faɗi inda iyakar take.

Abin da ya tayar da maganar sananne ne. A watan Agustan 2017 masu aƙidar fifikon farar fata suka ratsa harabar Jami'ar Virginia da dare, riƙe da wuta, suna ihu cewa Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba. Ranar 27 ga Oktoban 2018 wani mutum ya shiga wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life a Pittsburgh ya kashe mutum 11. Sai korona ta zo, shugaban ƙasa Donald Trump da kansa ya riƙa kiranta cutar Sinawa, aka fara tofa wa tsofaffi 'yan Asiya yawu a titi, ana ingije su, ana ce musu su koma inda suka fito. Ranar 19 ga Maris 2020 aka buɗe shafin kai ƙorafi kan ƙiyayyar da ake wa 'yan Asiya mai suna Stop AAPI Hate, kuma sashen nazarin Amurkawa 'yan asalin Asiya na Jami'ar Jiha ta San Francisco, inda Farfesa Russell Jeung ke koyarwa, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Kafin ƙarshen 2021 ƙorafe-ƙorafen sun kusa 11,000, galibinsu zagi da tsangwama, mata kuma sun fi maza kai kuka. Ranar 16 ga Maris 2021 aka kashe mutum 8 a yankin Atlanta, 6 daga cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan Asiya na nufin Sinawa da Japanawa kaɗai. Akwai 'yan Pakistan, da Bangaladash, da Indiya, da Indunusiya, da yawansu Musulmi. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke jihar Arizona. Mabiyin addinin Sikh ne. Rawaninsa da gemunsa kawai maharin ya gani ya ɗauka Musulmi ne.

Jami'o'i sun bi hanya biyu. Ta farko ita ce mai sauƙi, wadda hukumar makaranta ta fi so: a tilasta wa kowa ya kalli bidiyo na awa ɗaya, ya amsa tambayoyi, a rubuta cewa an horar da shi. Masana halayyar jama'a Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun daɗe suna bin diddigin irin wannan horo na dole a kamfanonin Amurka, suka tarar ba kasafai yake canza komai ba, wani lokaci ma haushi yake haifarwa. Ban yi mamaki ba. Babba da gemunsa ba ya son a zaunar da shi a ce masa shi mugu ne bai sani ba.

Hanya ta biyu tana cin lokaci, tana buƙatar malami mai haƙuri. Ita ce a mayar da batun kwas na zangon karatu guda mai maki, ɗalibi ya fita ya yi hira da dattijo ya naɗi muryarsa, ko ya shiga ma'adanar tarihi ya tono takardu, ko ya shirya baje kolin hotuna, ko gajeren fim, ko shirin murya. Kayan aikin na nan jibge. Jami'ar Yale tana riƙe da ma'adanar Fortunoff mai ɗauke da shaidar bidiyo fiye da 4,000 ta waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6, aikin da aka fara tun 1979. Gidauniyar Shoah da ke Jami'ar Kudancin Kalifoniya tana da shaidu sama da 50,000, kuma ta haɗa har da na Ruwanda da na kisan da sojojin Japan suka yi a birnin Nanjing a 1937. A Seattle akwai Densho, inda aka tara hirarrakin Amurkawa 'yan asalin Japan da aka tsare a lokacin yaƙin duniya na biyu. A tsibirin Angel da ke gaɓar San Francisco, inda aka riƙa tsare baƙi tsakanin 1910 da 1940, har yau ana iya karanta waƙoƙin da Sinawa suka sassaƙa a bangon katako suna jiran a yanke musu hukunci. Ɗalibin da ya kwashe sati biyu yana sauraron tsohuwa ɗaya tana ba da labarin yadda aka raba ta da ƙanwarta, don ya yanke minti biyar da zai nuna wa aji, dole ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai cire, kuma dole ya kare zaɓinsa a gaban malami. A wannan zaɓin ne karatun yake shiga jiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa tarihin al'ummomin biyu a kwas ɗaya. Da farko haɗin zai yi kama da gamin gambiza, don me ya haɗa Bayahuden Turai da leburan jirgin ƙasa daga kudancin Sin? Zargin da aka yi musu ne ya haɗa su. Mu ɗauki annoba. Lokacin da baƙar annoba ta mamaye Turai a 1348, aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. Paparoma Clement na Shida ya fito ya ce su ma mutuwa suke yi kamar kowa, ba a saurare shi ba. A watan Fabrairun 1349 aka ƙone ɗaruruwan Yahudawa a birnin Strasbourg, tun annobar ba ta iso garin ba, aka kuma soke duk bashin da suke bin mutane. A watan Maris 1900 aka tsinci gawar wani Basine da annoba ta kashe a San Francisco, hukuma ta zagaye unguwar Sinawa da igiya, ta bar Turawan da ke ciki suka fita. Da aka sake killace unguwar, sai aka lanƙwasa iyakar don ta tsallake gidaje da shagunan Turawa, abin da ya sa kotu ta soke matakin. A Honolulu kuwa, a watan Janairun wannan shekarar, wutar da hukuma ta kunna don ƙone gidajen da ake zargi da cutar ta kuɓuce, ta cinye unguwar Sinawa.

Ɗalibin da ya jera waɗannan ya zo kan 2020 ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Kuma idan malaminsa mai gaskiya ne, zai ƙara masa takarda ɗaya. A watan Afrilun 2020, a birnin Guangzhou da 'yan kasuwarmu suka sani kamar Kantin Kwari, aka kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal bisa zargin su ne ke yaɗa korona, wasu 'yan Najeriya suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyo. A wata guda ana tofa wa Basine yawu a New York, ana korar baƙar fata a Guangzhou, cutar ɗaya, zargin ɗaya. Shekara 6 kafin nan, lokacin Ebola, wata kwaleji a jihar Texas ta rubuta wa 'yan Najeriya masu neman gurbin karatu cewa ba ta karɓar ɗalibai daga ƙasashen da cutar ta ɓulla. Babu al'ummar da Allah ya keɓe ta da zama wadda ake zalunta, babu kuma wadda ba za ta iya yi wa wasu kuɗin goro ba in tsoro ya kama ta.

Zargi na biyu shi ne na dukiya, na uku na cin amanar ƙasa, kuma tare suke tafiya. A 1914 sarkin Siam, wato Thailand ta yau, Vajiravudh, ya rubuta wata maƙala yana kiran Sinawan ƙasarsa Yahudawan Gabas. Zarge-zargen da Turai ta daɗe tana yi wa Yahudawa ya ɗauko cak, na son kuɗi da ƙin sajewa da 'yan ƙasa, ya ɗora wa Sinawa. A 1972 Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Yuganda da irin wannan hujja. A watan Yunin 1982, a yankin Detroit, wani shugaban ma'aikata a kamfanin motoci da agolansa suka kashe Vincent Chin da gora ana saura kwanaki a ɗaura masa aure. Haushin motocin Japan da suka karya kasuwar Detroit suka huce a kansa, alhali shi ɗan asalin Sin ne. Alƙali ya ci su tarar dala 3,000, ya ce su kiyaye na shekara 3, babu wanda ya yi zaman gidan yari a kan wannan hukunci. Faransa ta ɗaure Kyaftin Alfred Dreyfus a 1894 bisa zargin leƙen asiri, don Bayahude ne aka ga ya fi kowa dacewa da laifin, sai 1906 aka wanke shi. Amurka kuma, da umarnin Shugaba Roosevelt na 19 ga Fabrairun 1942, ta kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan ta zuba a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffu. Sai 1988 gwamnati ta ba da haƙuri, ta biya kowane mai rai a cikinsu dala 20,000.

Akwai wurin da tarihin biyu suka haɗu ido da ido. A farkon Mayun 1945, sojojin wata bataliyar manyan bindigogi ta Amurka mai lamba 522, 'yan asalin Japan, suka ci karo da fursunonin sansanin Dachau da 'yan Nazi suka kora a ƙafa cikin dusar ƙanƙara a kudancin Jamus, da yawansu Yahudawa, suka cece su. Wasu daga cikin waɗannan sojoji iyayensu na bayan waya a sansanonin Amurka a wannan lokacin. A ba ɗalibai wannan labarin kawai, a ce su shirya baje koli a kai, a ga irin gardamar da za ta ɓarke kan inda sansanonin biyu suka yi kama da inda kwatanta su zai zama cin fuska. Wannan gardamar ita ce darasin.

Sai dai laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kwas ɗin da zai fi amfani shi ne wanda jami'a za ta buɗe wa ɗalibai nata kundin. A 1922 shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa saboda sun haura kashi 20 cikin ɗari. Da aka ƙi amincewa da ƙayyadewa a fili, sai aka bi ta bayan gida, aka shigo da auna ɗabi'a da kamala, da wasiƙun shaida, da hoto, da tambayar asalin iyaye, yawansu ya sauka ba tare da an rubuta sunansu a wata doka ba. Kusan shekara 100 bayan haka, a shari'ar da aka yi a Boston a 2018, sai ga bayanai cewa masu neman gurbi 'yan asalin Asiya suna samun maki ƙasa da na sauran a ma'aunin ɗabi'a. Alƙaliyar ta ce ba ta ga wariya da gangan ba, kuma na san akwai 'yan siyasa da suka hau kan ƙarar don biyan wata buƙata tasu ta daban. Duk da haka biri ya yi kama da mutum, kuma ɗalibi ya cancanci a ba shi takardun zamanin biyu ya yanke nasa hukuncin.

Jami'ar Stanford ta fi ba ni sha'awa, don a can labaran biyu suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Leland Stanford, wanda ya kafa jami'ar, ya tara dukiyarsa ne a kamfanin da ya shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa Amurka, aikin da dubban lebura Sinawa suka yi cikin duwatsu da sanyi. Shi ne kuma, yana gwamnan Kalifoniya a 1862, ya kira su ƙasƙantaccen jinsi. A shahararren hoton da aka ɗauka ranar 10 ga Mayun 1869 a Utah, ranar da layin ya haɗe, sai ka yi ta dube-dube ba ka ga fuskarsu ba. Shekara 13 bayan haka majalisa ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, dokar da ta kai har 1943. A 2012 Farfesa Gordon Chang da Farfesa Shelley Fisher Fishkin suka fara wani aiki a jami'ar na tono tarihin waɗannan lebura, da hira da jikokinsu. A 2014 mai ɗaukar hoto Corky Lee ya tara jikokin da sauran 'yan Asiya a wurin da aka ɗauki hoton farko, ya sake ɗaukarsa da su a ciki. A watan Oktoban 2022 kuma jami'ar ta fito ta ba da haƙuri kan rage ɗaukar Yahudawa da ta yi a shekarun 1950, ta kuma yi ta musantawa shekara da shekaru, bayan kwamitin da ta kafa ya ga shaidar a takardunta.

Yanzu tambayar da masu shirya irin waɗannan kwasa-kwasai ba sa son a yi musu: shin abin yana aiki? Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ba da amsa a Kaduna aka yi shi. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin da rikici ya taɓa shafa, aka ba wasunsu horon kwamfuta na sati 16. Wasu ajin a gauraye, wasu kuma addini ɗaya zalla. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ra'ayin da samarin ke da shi game da ɗaya addinin bai canza ba. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan aji zalla ba. Wani abin lura kuma, 'yan aji zalla sun fi ma waɗanda ba su shiga horon ba nuna son kai ga nasu. Wani gwaji da Salma Mousa ta yi a arewacin Iraƙi, inda aka haɗa Kiristoci da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo, ya nuna kusan haka: an kyautata wa abokin wasa, amma kyautatawar ba ta tsallaka zuwa baƙon da ba a sani ba.

Abu biyu na ɗauka daga nan, kuma fahimtata ce, ba maganar masu binciken ba. Na ɗaya, malami ya rage buri. Zuciya ba ta sauyawa a zango ɗaya, amma hali yana iya gyaruwa, kuma wanda aka daina zagi a motar haya bai damu da abin da ke zuciyar mai zagin ba. Na biyu ya fi zafi. Idan kwas kan ƙiyayyar Yahudawa ya cika da Yahudawa kaɗai, kwas kan 'yan Asiya ya cika da 'yan Asiya kaɗai, kowa zai fito ya ƙara sanin ciwonsa, ya ƙara rungumar nasa, ba tare da ya san ciwon maƙwabci ba. Waye ke zaune a ajin, da wa aka haɗa ka aikin rukuni, yana iya fin abin da ke cikin manhaja tasiri.

Shi ya sa ba na cika ɗaukin nau'in da ya fi tashe, wato a sa ɗalibai su ƙirƙiri gangamin yaƙi da ƙiyayya a kafafen sada zumunta. A 2015 aka fara wata gasa mai suna Peer to Peer, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka da Facebook, inda ɗalibai suka riƙa shirya irin wannan gangami a matsayin aikin aji, waɗanda suka yi fice su je Washington. Ɗalibai suna koyon sana'ar talla, wannan gaskiya ne. Amma yawan waɗanda suka danna alamar so ba shaida ba ce cewa an taɓa wanda ke ɗauke da ƙiyayyar, don galibi masu dannawar dama can sun yarda. Zango ya ƙare, an ba da maki, shafin ya yi shiru.

Na san abin da ke ran mai karatu tun daga sakin layi na farko: Gaza fa? Tambaya ce da ta dace, kuma duk kwas ɗin da ya kauce mata ya ci amanar ɗalibansa. Ranar 7 ga Oktoban 2023 aka kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da kusan 250. Abin da ya biyo baya a Gaza, dubun-dubatar rayuka, yara da mata, asibitoci da makarantu da jami'o'i a rushe, duniya ta gani. A Amurka guguwar ta taɓa kowa. An daɓa wa yaro Bafalasɗine ɗan shekara 6 wuƙa ya mutu a jihar Illinois. An harbi ɗalibai Falasɗinawa 3 a Vermont. A Jami'ar Cornell kuma wani ɗalibi ya rubuta a intanet cewa zai buɗe wuta a ɗakin cin abincin ɗalibai Yahudawa, aka kama shi aka ɗaure.

Ni ina tare da Falasɗinawa, kuma ban ga abin da ya hana in ce Bayahude ɗan shekara 19 da ke karatun lissafi a New York ba shi ne ke jefa bam a Khan Yunis ba. Kama shi da laifin gwamnatin Netanyahu daidai yake da kama Musulmin Kano da laifin Boko Haram, abin da muka sha ɗanɗana a filayen jirgin sama. A sansanin zanga-zangar goyon bayan Gaza da aka kafa a Jami'ar Columbia a Afrilun 2024 akwai ɗalibai Yahudawa, har idinsu na Faska suka yi a cikin tantuna. Wanda ya kashe mutane a Pittsburgh kuwa, abin da ya harzuƙa shi, kamar yadda ya rubuta kafin ya tafi, shi ne ƙungiyar agaji ta Yahudawa mai suna HIAS da ke taimakon 'yan gudun hijira, ciki har da Musulmi. Bayan harin, Musulmin Amurka sun tara wa iyalan mamatan fiye da dala 200,000. Ba sabon abu suka yi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ne? Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana mu bari ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya fi barazana ga waɗannan kwasa-kwasai a yanzu. An mayar da yaƙi da ƙiyayyar Yahudawa sandar dukan masu sukar Isra'ila. Kenneth Stern, lauyan da ya jagoranci rubuta ma'anar ƙiyayyar Yahudawa da IHRA, ƙungiyar ƙasashe ta tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ta amince da ita a 2016, ya sha faɗa da bakinsa cewa don tattara bayanai aka rubuta ta, bai yarda a mayar da ita dokar rufe baki a jami'a ba. A Maris 2025 gwamnatin Trump ta janye wa Columbia tallafin dala miliyan 400. Zuwa Yuli jami'ar ta yarda ta biya fiye da dala miliyan 200, ta kuma rungumi wannan ma'ana. Sai masanin tarihi Rashid Khalidi ya soke kwas ɗin da zai koyar kan tarihin Gabas ta Tsakiya, ya ce ba zai iya koyar da shi da gaskiya a ƙarƙashin wannan sharaɗi ba. Gwamnatin da ke wannan ita ce kuma ke matsa wa jami'o'i su rufe ofisoshin da ke kula da daidaito tsakanin jinsuna. Ɗalibai ba yara ba ne. Idan suka ga darasin da ake ba su ya zo ne da barazanar janye kuɗi, za su ɗauke shi farfagandar hukuma, kuma Bayahuden da ke ajin ne zai kwashi haushin.

Kwalejin Dartmouth ta gwada wata hanya. Kwanaki kaɗan bayan 7 ga Oktoba, shugabar sashen nazarin Yahudawa, Susannah Heschel, da shugaban sashen nazarin Gabas ta Tsakiya, Tarek El-Ariss, suka shirya tarukan tattaunawa tare, ɗalibai suka cika zaure suna tambayar duk abin da ke ransu. Hakan ya yiwu ne saboda sassan biyu sun daɗe suna koyar da darussa tare, malaman sun san juna tun kafin wuta ta kama. Kafafen yaɗa labarai suka yi ta yabon makarantar a matsayin abin koyi. Sai ranar 1 ga Mayun 2024 ɗalibai suka kafa tantunan goyon bayan Gaza, hukumar makarantar ta kira 'yan sanda a daren, aka kama kusan mutum 90. Cikinsu har da Farfesa Annelise Orleck, Bayahudiya mai shekara 65, wadda ta taɓa shugabantar sashen nazarin Yahudawa, da aka kayar da ita ƙasa kafin a ɗaure mata hannu. Malamai suka kaɗa ƙuri'ar tsawatar wa shugabar makarantar a wannan watan. Malaman Dartmouth sun yi nasu aikin a aji, kuma sun yi shi da kyau, amma ba su ne ke da ikon kiran 'yan sanda ko hana kiransu ba.